Garin da aka gina a kan rairayi

Labarin nan naku na Port Royal, garin bakin teku a tsibirin Jamaika, ya yi, amma kun tsaya kan 'yan fashin teku irin su Henry Morgan kun manta da bayi. Ingila ta ƙwace tsibirin daga Sifaniya a 1655, kafin ka ce kwabo garin ya cika da 'yan kasuwa da mashaya, jirage na sauke mutanen da aka kamo daga Afirka su yi lodin sukari su wuce. Kuma a kan rairayi aka gina shi fa! Girgizar ƙasar 7 ga Yuni 1692 ta nutsar da kusan kashi biyu cikin uku na garin, agogon aljihun da aka tsamo daga baya ya tsaya cak a 11:43. Waɗanda suka tsira su suka tsallaka suka kafa Kingston, babban birnin Jamaika a yau.