Ba mara lafiya ne ya motsa ba, injin ne ba a auna ba

Akwai wata ƙarya da ta zama ruwan dare a ɗakin hoton eksire. Da zarar hoto ya fito a dusashe, sai a leƙo a ce, "Baba, ka ɗan motsa, bari a sake." Alhali tsohon ya manna ƙirjinsa da allo, ya ja numfashi ya riƙe har jijiyar wuyansa ta tashi, ko gezau bai yi ba. Ɗaukar hoton nan shi ne sana'ata, kuma wallahi na gaji da ganin ana ɗora wa marasa lafiya laifin injin da an manta rabon da a auna shi.

Shugabannin asibitinmu sun ɗauka inji in dai ya kunna, to lafiyarsa ƙalau. Ba su san ƙwan da ke cikinsa, mai fitar da hasken eksire, kullum cin kansa yake yi ba. Wata siririyar wayar ƙarfen tangistin ce ake gasawa, tana feso ƙwayoyin lantarki kan wani faifai da ke juyawa wajen sau 3,000 a minti ɗaya. Kusan kashi 99 cikin ɗari na ƙarfin nan zafi yake komawa, ɗan ragowar ne ke zama hasken da muke ɗaukar hoto da shi. Tangistin ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 3,400, amma duk da haka fuskar faifan tana tsattsagewa ta yi ramuka, wayar tana sirancewa, tururin ƙarfen yana shafe cikin gilashin. A hankali abin da ke fitowa ya bar abin da aka nema. Allon lambobin injin kuwa ba ruwansa: ka danna 80 kV (ma'aunin ƙarfin wutar da ake ba ƙwan), zai rubuta maka 80 ɓaro-ɓaro, kamar agogon da ke tafiya tsaf amma yana baya da rabin awa.

Kuma awon nan ba wani sirri ba ne, iyakokinsa sanannu ne. A galibin ƙa'idoji, kV bai kamata ya kauce da fiye da kashi 5 cikin ɗari ba. In ka maimaita harbi iri ɗaya, abu ɗaya ya kamata ya fito. In ka ninka mAs, wato yawan wutar da ke bi ta ƙwan a harbi ɗaya, hasken ya ninku. Murabba'in fitilar da muke saitawa a jikin mutum kada ya saɓa da inda hasken eksire yake sauka da fiye da kashi 2 cikin ɗari na tazarar, wato santimita 2 in tazarar mita ɗaya ce. Namu ya wuce nan tuni. Za ka saita tsaf, hoto ya fito an gutsure saman huhu, daidai wurin da likita ke neman tabon tarin fuka, a ɗaya gefen kuma an haska naman da babu wanda ya nemi a haska.

Ka kai kuka sama, amsa ɗaya ce: "Layi ya yi tsawo, ba za a rufe ɗaki ba." Wane rufe ɗaki? Na'urar awon zamani ba ta fi tafin hannu ba. A ɗora ta kan tebur, harbi ɗaya ta ba ka kV, tsawon lokacin harbin da yawan hasken da ya fito. Ƙwararre zai gama ɗaki guda cikin 'yan awoyi, ana iya sa shi da yamma bayan jama'a ta watse. Saɓanin fitila kuwa, da sulalla ma ana gano shi: a jera su a gefunan murabba'in, a ɗauka, a ga wanda aka yanke. Minti biyar bai kai ba. Ɗumama ƙwan da safe da 'yan ƙananan harbi kafin a ɗora masa nauyi, shi ma an ce ɓata lokaci ne. To a zo a lissafa lokacin da ke tafiya wajen dawo da mutum daga bakin ƙofa, a sake cire masa riga, a sake tsayar da shi, wani ma da karaya yana ihu. Layin da ake fakewa da shi, sake hoton ne ke ƙara masa tsawo.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda kwamfuta ta rufa wa injin asiri. Zamanin fim, in haske ya yi yawa fim ɗin baƙi ƙirin yake fitowa, kowa ya gani. Yanzu kwamfuta tana gyara hoton ya fito tas ko da an ninka wa mutum abin da ya kamata. Ƙarancin haske ne kawai ke nunawa, hoto ya yi yashi-yashi, likita ya dawo da shi da faɗa. Saboda haka duk wanda ya daina yarda da injin sai ya ƙara lamba don ya tsira, na bayansa ya ƙara a kan tasa. Ba wanda ya rubuta, ba wanda ya auna.

Za a ce hoton ƙirji ai ɗan abu ne. Gaskiya ne, bai wuce 0.1 mSv ba (ma'aunin hasken da jiki ya sha), alhali ɗan Adam yana samun wajen 2.4 a shekara daga ƙasa da sararin sama. Amma jariri fa, da za a ɗauka yau a ɗauka gobe? Kuma halin nan ɗaya ake kaiwa ɗakin CT, injin eksiren da ke ɗaukar jiki yanka-yanka, inda hoton ciki guda ke kai wajen 10 mSv. A 2009 aka gano a wani asibiti a Los Anjalas ta Amurka cewa mutum 206 sun sha kusan ninki takwas na abin da ya dace a hoton ƙwaƙwalwa. Matsalarsu ta saitin tsarin ɗaukar ce, amma wata 18 ana yi ba a lura ba, sai da gashin kan wani ya zube ya kawo ƙorafi. A ma'aunin injin CT mai lafiya, ruwa sifili ya kamata ya karanta, iska kuma −1,000. Robar gwajin da ake cika da ruwa don duba wannan, tamu tana saman kabad ƙura ta rufe ta.

In an matsa lamba sosai, sai a turo wani ya goge injin da tsumma, ya ɗauki hoton hannunsa, ya ce "Ga shi nan yana fitowa", ya manna takarda mai kwanan wata. Ina lambobin da ka auna, Malam? Ina takardar da ke nuna ita kanta na'urarka an gwada ta? Shiru. Ko da aka canja ƙwan ɗaya ɗakin, aka ɗaure kusoshi aka ce a shigo da mutane, ba a sake saita wutar wayar da sabon ƙwan ba.

Ƙwan ɗakinmu yanzu ya fara tartsatsi a ciki, ka ji ƙas, harbi ya katse a tsakiya, allo ya kawo kuskure. Mun rubuta, an ce a kashe a kunna. Ranar da ya mutu murus za a rufe ɗakin na makonni ana jiran sabo, kuma takardar tuhuma za ta sauko ne kan duk wanda tsautsayi ya sa yake bakin aiki a ranar.