An Toshe Ƙofa, Yara Sun Bi Ta Taga

Wai makaranta ta kashe kuɗi ta sa manhajar tace intanet a kwamfutocinta, amma malami ne ke shan wahalarta. Ka nemi bidiyon darasin kimiyya a YouTube, allo ya ce an toshe. Ka nemi bayani kan sankarar mama, shi ma a toshe, don ita manhajar, kalmomi kawai take farauta, ba ruwanta da ilimi.

Su kuwa ɗalibai ko a jikinsu. Wannan ya saka VPN (manhajar da ke ɓoye shafukan da mutum ke shiga) a burauza, wancan ya liƙa adireshin shafi a Google Translate ya buɗe masa ta bayan fage, wani ma ya jona kwamfutar da intanet ɗin wayarsa, ya bar layin makarantar gaba ɗaya. Kana zagayawa yatsunsu na kan Alt da Tab, maɓallan sauya abin da ke kan allo. Kafin ka iso wasan ƙwallo ya ɓace, aikin lissafi ya bayyana, an sunkuyar da kai kamar mutanen kirki.

Abin da ya fi ƙona min rai, yau mai kula da na'urori ya toshe shafin furoksi guda (shafin da ake bi ta cikinsa a buɗe wanda aka toshe), gobe sun zo da sababbi, suna miƙa wa juna a guntun takarda. Amma yaron da ya iya duk wannan, ka ce ya adana fayil ɗin aikinsa inda za ka same shi, sai ya tsaya yana sosa ƙeya.