Gidajen kallo a Katsina: masu cewa a rufe, ku fara leƙawa ciki

Maganar ta sake tasowa. A Facebook, a majalisun bakin titi, har a bakin wasu masu wa'azi, kira ɗaya ake yi: a garƙame gidajen kallo na garin Katsina baki ɗaya, wai su ne matattarar ƙauraye da 'yan shaye-shaye, su ke hana yara karatu, su ke hana samari salla. Da an yi rigima a wata unguwa, ko an fizge wa wani waya da daddare, sai a waiwayi rumfar kwanon da ke nuna ƙwallo da fim a ce ga tushen bala'i. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne mafi yawan masu wannan kira ba su taɓa sa ƙafa a gidan kallo ba. Daga waje suke jiyo ihun "ta shiga!" su yanke hukunci.

To, bari in kai su ciki, don akwai abin faɗa jingim, kuma ko kusa ba shi suke faɗa a kai ba.

Ka biya kuɗinka a bakin ƙofa, yaron mai gida ya ɗaga labulen buhu, ka sunkuya ka shiga. Bencina ne na katako a jere, an matse su har gwiwarka na zungurin bayan na gabanka. Sama kwano, gefe langa-langa, babu taga ko ɗaya, don kada haske ya kashe hoto, kada kuma 'yan leƙe su kalla a ɓagas. Talabijin biyu ko uku a kan katako, wannan na nuna wasan Ingila, wancan na Sifen, murya kuwa ta guda ce ke fita, ta wata lasifika da ta daɗe da fashewa. Wayoyin wuta sun zubo daga rufi, an ɗaɗɗaure mahaɗarsu da baƙar leda. Janareta na jingine da bango yana turo hayaƙi ta ƙasan kwano. Ƙofa ɗaya ce tak, kuma da an take wasa sai a ja ta a danna sakata. Yanzu ka ƙaddara watan Afrilu ne, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40, ga mutane maƙil, ga fanka biyu, ɗaya ma ba ta juyawa sai an zungure ta da kara.

Wannan sakatar ita ya kamata ta hana mu barci. A watan Mayun 1951 gobara ta tashi a silimar El Duniya da ke Kano ana tsakiyar kallo, ta kashe mutum fiye da 300. Wutar daga wajen na'urar haska fim ta fara, jama'a suka turmutsa neman hanyar fita. A lokacin ma an samu masu cewa fushin Allah ne ya sauka kan 'yan kallo, kamar wannan furuci zai faɗaɗa ƙofar silima ta gaba. A watan Afrilun 2017 kuma babbar wayar lantarki ta tsinke ta faɗo kan rufin kwanon wani gidan kallo a Kalaba, ana kallon wasan Manchester United, aka rasa rayuka. Ka zaga Ƙofar Marusa, Ƙofar Ƙaura, Sabuwar Unguwa, ka ɗaga kai ka duba rumfuna nawa ne ke zaune a ƙarƙashin wayar wuta. Ban taɓa jin ɗaya daga cikin masu kiran a rufe ya ambaci wannan ba. Ran yaron bai dame su ba, zamansa a kan bencin ne ya tsone musu ido.

Alhali a garin nan, wani lokaci ma a layi ɗaya, akwai gidan kallon da za ka shiga ka fito ranka fari. Mai shi ya ɗaga rufi ya bar iska ta sama, ya yi ƙofa biyu, ya kai janareta nesa, ya sa sola da batir yadda hoto ba ya ɗaukewa in an ɗauke wuta. Wanda bai taɓa kallo a cikin jama'a ba, ba zai gane zafin wannan ɗaukewar ba: ɗan wasa ya ajiye ƙwallo zai buga fanareti, allo ya yi baƙi, kafin a ja igiyar janareta na'ura ta gama kamo tasha, an ci an gama murna. Sigari ba a sha a ciki. Wanda ya zo da maye, daga bakin ƙofa ake mayar masa da kuɗinsa. Magoya bayan Arsenal da na Chelsea za su yi ta musu har maƙogwaro ya bushe, mai awara da mai gyaɗa na ciniki a waje, a tashi kowa ya kama gabansa. Ƙwallon ɗaya ce, samarin ma kusan su ne dai. Bambancin duk yana hannun mai gida.

Sai batun salla, wanda shi ne ƙashin bayan hujjarsu. Gaskiya ne wasannin Asabar na Ingila sukan faɗo kan La'asar, na yamma kuma ya haɗiye Magariba. Amma hutun rabin lokaci minti 15 ne cur, kuma babu layin da ba shi da masallaci a Katsina. Na ga gidan da in an kira salla mai shi ke kashe murya, ya buɗe ƙofa, ya tanadi butoci da tabarmi a gefe, wanda ya fita ya dawo ba a sake karɓar kuɗinsa. Na kuma ga wanda in ka fita to ka fita ke nan, sai ka sake biya. Wannan na biyun shi ke hana salla, kuma sharaɗi ɗaya a takardar izini ya isa ya gyara masa zama.

Inda masu ƙorafi suke da gaskiya, kuma ba zan rage musu ba, shi ne wajen yara. Da rana, in babu wasa, gidajen nan fim suke sawa: na Indiya mai fassarar Hausa, na China, na Amurka, duk abin da ya zo hannu. Za ka tarar da yaro ɗan firamare da kayan makaranta a jikinsa ƙarfe goma na safe, almajiri da robarsa a cinya, suna kallon fim ɗin da ko baligi sai ya kau da kai a wasu wurare. Mai gida ya karɓi kuɗinsu ya yi kamar bai gani ba. Tun 1993 ƙasar nan ke da hukumar tace fina-finai ta tarayya, wadda aikinta ya haɗa da rarraba fina-finai bisa shekarun mai kallo da ba wuraren nuna su lasisi. Wa ya taɓa ganin alamar shekaru a ƙofar gidan kallo a Katsina? Ga kuma caca, wadda ta maƙale wa ƙwallo ta waya, har wasu samari ba wasan suke kallo ba, tikitinsu suke kallo. Waɗannan laifuffuka ne masu suna, kuma kowanne yana da mai shi. A kama mai shi.

Amma a'a, su dai a rufe duka. Kano ta gwada. A ƙarshen shekarar 2000, bayan ƙaddamar da Shari'a, gwamnatin jihar ta dakatar da shiryawa da nuna fina-finai. Ba a je ko'ina ba, a 2001 ta kafa hukumar tace fina-finai, domin ta gane abin da mutane ke so ba a kashe shi da sanarwa, sai dai a sa masa linzami. Wancan zamanin ma kaset ne. Yau kowane lungu akwai mai tura fina-finai a waya da 'yan canji, ba ya tambayar shekarun kowa. Ka kori yaro daga bencin da maƙwabcinsa da yayan abokinsa ke ganin abin da yake kallo, ka tura shi ɗaki shi kaɗai da waya cikin bargo, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Saudiyya, wadda muke yawan kafa hujja da ita, ta sake buɗe gidajen silima a 2018 bayan haramcin shekara 35, da ƙa'idoji da tacewa. Mu kuma har yanzu muna nan inda muka tsaya a 2016, lokacin da hayaniya ta kori shirin alƙaryar fina-finai daga Kano, fim ɗin kuma bai fasa shiga gidajenmu ba ko na kwana ɗaya.

Akwai wasu 'yan boko da ke cewa maganin shi ne a gina mana silimar zamani mai sanyi da gurguru irin ta manyan shagunan Abuja. Su fara gaya mana ɗan acaɓa ko mai gyaran waya nawa zai iya biyan tikitinta. Masu cewa waya ta riga ta kashe gidan kallo kuma, su fito daren wasan gasar zakarun Turai su ga inda samari suke.

Su ma masu gidajen kada su ɗauka lauyansu na zama. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000, kuɗin DStv ma ya yi ta hawa, suka ƙara kuɗin shiga, kuma ba wanda ya ga laifinsu. Sai dai in ka yi wa ɗayansu maganar ƙofa ta biyu ko wayar da ke lilo a kan mutane, amsar ɗaya ce: "Malam, mi kake so in yi? Mai ya yi tsada." Mai ya yi tsada, amma yanka kwano a kafa ƙyaure aikin yini ɗaya ne ga mai walda. Rowa ce da rainin ran talaka.

Abin yi ba shi da wuya. Ƙaramar hukuma ta yi wa gidajen rajista, 'yan kwana-kwana su duba ƙofa da waya, Hisba da masu unguwanni su tsaya kan batun yara a lokacin makaranta da lokacin tashi da dare. Wanda ya cika sharaɗi a ƙyale shi ya nemi abincinsa, wanda ya ƙi a sa masa kwaɗo shi kaɗai. A fara da masu danna sakata, kuma a fara kafin bazara ta shigo.