Marubuta, ku daina tsorata mu da dodon laboratori

Tun da kamfanin Colossal na Amurka ya fito a watan Afrilun 2025 ya ce wai ya dawo da wani nau'in kerkeci da ya ɓace fiye da shekara 10,000, tsohuwar magana ta sake tashi, wai saura a dawo da mutanen Neanderthal, wani nau'in mutanen dā da suka ɓace. Alhali kerkecin yanzu ne aka gyara masa wurare 20 a ƙwayoyin halitta. Kuma in ka bi salsalar wannan tsoro, daga littattafai da finafinan nan na kimiyya masu sa gaba faɗuwa aka kwaso shi. Kun san su ai. Wani masani ya tono ƙashi a kogo, ya kulle kansa a laboratori can ƙarƙashin ƙasa, sai wata halitta rabi mutum rabi biri ta fasa keji ta fara yayyaga masu gadi. Kullum zance ɗaya, suna kawai ake canzawa, ni kam abin ya ishe ni.

Ba don ba na son irin waɗannan labaran ba ne, ina karanta su har dare ya raba. Abin da ke ba ni haushi shi ne sun koya wa mai karatu cewa laifin bincike sai an ga jini da kururuwa, shi ya sa idan aka yi ainihin ɓarnar a gabansa cikin tsabta da murmushi da takardar izini, ko a jikinsa.

Ga misali. A Satumban 2023 aka ɗauki ƙashin wuyan Australopithecus sediba mai kusan shekara miliyan 2, da ƙashin babban yatsan Homo naledi, dukkansu daɗaɗɗun halittu masu kama da ɗan Adam da aka tono a Afirka ta Kudu, aka zuba su a wani ɗan bututu, wani attajiri ya sa a aljihunsa ya hau jirgin Virgin Galactic zuwa bakin sararin samaniya. Da jirgin ya tarwatse fa? Ba su da na biyu a duniya, kuma babu wata tambaya ta ilimi da wannan tafiya ta amsa. Masana da yawa sun yi Allah wadai, bayan kwana biyu kowa ya kama gabansa. Wallahi wannan ya fi duk wani dodon keji tayar mini da hankali, ɗan yatsa ɗaya yana kai-komo a aljihun mai kuɗi, kuma da amincewar hukuma.

Ko ƙoƙon kan wani mutumin dā da aka samu a garin Kabwe. Masu haƙar ma'adinai ne suka tono shi a 1921 a ƙasar da yanzu take Zambiya, shekarunsa sun kusa 300,000, yawancin haƙoransa na sama sun ruɓe, kana kallo za ka san mai shi ya sha ciwo kafin ya mutu. Aka kwashe shi zuwa Landan, Zambiya ta yi ta roƙo shekara da shekaru. Sarah Baartman kuwa, wata mata 'yar Afirka ta Kudu wadda ta rasu a Faransa a 1815, sai da aka yi ta nuna ƙasusuwanta a gidan tarihi da sunan nazarin jinsin ɗan Adam, ba a mayar da ita gida an binne ba sai 2002. Ina marubucin da zai zauna ya gina labari a kan ma'aikacin da ke riƙe da makullin wannan ma'ajiya, ya san abin da ke cikin akwatin, kuma an ce ya yi shiru?

Har shi He Jiankui na China da ake yawan kafa hujja da shi, wanda ya sanar a Nuwamban 2018 cewa an haifi tagwaye mata da ya taɓa wa ƙwayoyin halitta, bai yi kama da mahaukacin fim ba. Takarda ya miƙa wa ma'auratan da mazajen ke ɗauke da ƙanjamau, takardar ta kira aikin da binciken rigakafi, suka sa hannu. Nan laifin yake, a bakin biro. An ɗaure shi shekara 3, yaran kuma su za su ɗauki sakamakon har ƙarshen rayuwarsu.

Za a ce ai labari ne, nishaɗi ne kawai. To nishaɗin ne makarantar yawancin mutane, mutum nawa ne suka san aikin karanta ƙwayoyin halittar Neanderthal da ya ba masani Svante Pääbo kyautar Nobel a 2022 in ba ta irin waɗannan labaran ba? Masu cewa a daina karanta su gaba ɗaya saboda sun taɓo asalin ɗan Adam kuwa, su ma sun bar jaki suna dukan taiki, ko ka yarda da ka'idar juyin halitta ko ba ka yarda ba, ƙashin mamaci yana da haƙƙi.

Abin da nake nema ba mai yawa ba ne. Marubuci ya je ya zauna da masu tono ƙasusuwan nan, musamman 'yan ƙasa da ke yin aikin rana sunan wani ya hau takarda. Masu buga littafi su daina karɓar dodo na ɗari. A rubuta mana labarin da tashin hankalinsa shi ne wa ya sa hannu, wa aka tambaya, wa aka tsallake. Ƙoƙon kan Kabwe ma kaɗai ya isa littafi guda, ya haura shekara 100 a Landan.