Daga Bakin Gaji Zuwa Tudu: Ajin da Ɗalibanmu Ba Su Shiga Ba

A Ingila, inda nake zaune, ɗalibin da ke karanta labarin ƙasa a shekaru biyun ƙarshe na sakandare ba ya kammalawa sai ya yi aƙalla kwana huɗu yana bincike a fili. Aikin kansa ba shi da wuya. Ana shimfiɗa igiyar awo daga bakin teku zuwa cikin tuddan yashi, bayan kowace mita goma a ajiye firam mai kusurwa huɗu a ƙasa, a ƙirga tsirran da suka faɗo cikinsa, a auna danshin ƙasa da ƙarfin iska, sannan a koma aji a yi ta muhawara kan abin da ya sa tsirran suke sauyawa tare da tazara.

Abin da ke damuna shi ne ƙasar Bauchi ta fi nan dacewa da wannan karatu, amma ba mu mori hakan ba. Wanda ya tashi daga Toro, a gindin tsaunukan Jos, ya nufi Gamawa, zai baro inda ruwan sama ke haura milimita 1,000 a shekara ya isa inda yake kusan 700, kuma da idonsa zai ga ɗorawa da kaɗanya suna raguwa, aduwa da goruba suna yawaita.

A Yankari ma ba sai an yi doguwar tafiya ba. Gandun, wanda aka keɓe a 1956, ya haura murabba'in kilomita 2,200, kuma kogin Gaji ne ke ratsa shi. A bakin kogin akwai fadama da kurmi mai duhuwa, da an ɗan hau tudu sai itatuwa su fara tazara, ƙasa ta koma yashi, kawo da taura da marke su bayyana. Idan rani ya tsananta, giwaye da ɓauna da gwanki suna gangarowa kwarin saboda ruwa, da damina kuma su bazu cikin daji. Ɗalibin da ya ƙirga sawu da kashin dabbobi a kan layi ɗaya a watan Maris, ya sake ƙirgawa a Agusta, ya fahimci abin da allo ba zai koya masa ba. To amma ziyarar makaranta da na sani ba ta wuce a zagaya daji a mota, a yi wanka a maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Wikki, a ɗauki hotuna, a kama hanyar gida kafin magariba.

Na san za a ce babu kuɗi, kuma akwai batun tsaro. Ban raina ko ɗaya ba, domin bai kamata a kai ɗalibi daji ba tare da izini da rakiyar jami'an gandun ba. Sai dai igiya da firam ɗin katako da littafin rubutu ba su ne ke cin kuɗi ba, kuma kusan kowane gari yana da fadamarsa da jigawarsa da za a je da ƙafa.

A ganina, inda aka fi mu shi ne naci da adana rubutu. A Rothamsted, wata cibiyar binciken noma a nan Ingila, akwai filin ciyawa da ake yankewa ana aunawa tun 1856, shi ya sa ake iya faɗin yadda taki ya rage ire-iren tsirrai a cikinsa. Ina roƙon malamanmu na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da na Jami'ar Jihar Gombe su kafa layukan awo na dindindin, ko a bakin Gongola kusa da Daɗin Kowa, ko a gangaren tsaunukan Tula, kowane aji ya auna wuri ɗaya ya bar wa na bayansa sakamakon. A tafi da maharbi ko makiyayin yankin, wanda ya san sunan kowace ciyawa da lokacin fitowarta, a biya shi haƙƙinsa, a kuma rubuta sunansa a cikin rahoton.