Waya mita 16 a cikin ƙwallo

Malaminmu na ilimin ƙwayoyin cuta ya ce kowa ya haɗo samfurin bairos da hannunsa. Mutane suka yanka kwali, suka shafa fenti, suka huta. Ni da ba na son raini na ce lambda zan yi, bairos ɗin nan mai kama bakteriya, kuma bisa ma'auni.

Kwanson furotin ɗinsa, kafsid, faɗinsa wajen nanomita 60 ne (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). DNA ɗin da ke ciki, wato zaren da ke ɗauke da bayanan gadonsa, kaurinsa nanomita 2, in an miƙe shi ya kai maikromita 16 (nanomita dubu 16 ke nan). Na ninka kowanne sau miliyan: ƙwallon roba mai santimita 6, da waya mai kaurin milimita 2, tsawon mita 16. Na huda ƙwallon na hau turawa.

Da fari abin santsi. Daga baya sai in tura taƙi guda, ta dawo min da biyu. Zufa ta karyo, babban yatsana ya yi kanta. Ga shi wayata ba ta da caji ma. DNA na gaske cajinsa nagetif ne tun daga kai har wutsiya, yana ture kansa da kansa, shi ya sa irin su lambda ke da ɗan inji a bakin kwanson, yana ƙona ATP, makamashin ƙwayar halitta, yana danna shi ciki da ƙarfin tsiya.

Abokin ɗakina, da ya gaji da nishina, ya ce ai wani bairos, adenobairos, dabara yake yi: yana da furotin masu cajin fozitif, cike da sinadarin arjinin, su rungume DNA su kwantar masa da hankali. Ya miƙo min gam. Gam ya kama yatsuna uku da gefen littafina, waya kuwa ko a jikinta.

Haka dai na cusa ta, na toshe ramin da murfin biro.

Ranar gabatarwa Malam ya ɗauki ƙwallon, ya juya shi, ya kawo shi daidai hanci.

"Wannan murfin fa?"

"Malam, kar a..."

Fyuut! Waya ta yi tsalle, ta fizge masa tabarau, ta naɗe makirfo, sauran ta bi layin gaba. 'Yan aji suka watse har da masu hawa benci.

Malam ya laluba ya ɗauko tabaransa, ya ce wa aji su rubuta: matsin da ke cikin kwanson lambda ya ninka na iskar da muke shaƙa sau gommai, kuma da shi yake fara harba DNA cikin bakteriya. Sannan ya juyo gare ni.

"Kai kuma, wa ya ce maka ni ne bakteriyar?"