Kujerar can sama a gidan rawar bale

Rubul 100 na biya ranar da na fara shiga kallon rawar bale, kuma hoton gidan da zan shiga ne a jikin takardar kuɗin da na miƙa. Ina ɗalibi a Mosko lokacin, ba a daɗe da sake buɗe gidan Bolshoi ba, bayan gyaran da ya ci shekara 6 aka kammala a 2011. Akwai 'yan tikitocin da ake ware wa ɗalibai, sai dai ka yi layi da katin makarantarka a cikin sanyin da ke sa ka manta kana da hanci. Kar in yi muku ƙarya, ba son rawa ne ya kai ni ba. Abokin ɗakina ne ya dame ni, wai abin kunya ne mutum ya yi shekaru a garin ya koma gida bai taɓa leƙawa ba, kamar ka je Kano ka dawo ba ka ga Dala ba.

Ga wanda bai sani ba, bale ɗin nan ba "balle" ta ballantana ba ce. Rawa ce da ake ba da labari da jiki kawai. Awa biyu zuwa uku babu mai buɗe baki a kan dandali, makaɗa kuma suna zaune cikin wani rami a gabansa, kawunansu kaɗai kake hangowa.

Tun daga wannan dare, duk garin da aiki ya jefa ni, in dai akwai gidan opera, sai na duba ko ana wasa. Na kalla a Mosko da St. Petersburg da Viyana da Paris da Landan da Alkahira. Abin da na tsinta, wanda na san wasu ba zai yi musu daɗi ba, shi ne mai kujera mafi tsada sau da yawa shi ya fi kowa rashin ganin wasan. Kujerar talaka, can sama kusa da rufi, ita ce wurin kallo.

Tawa kujerar a Bolshoi tana hawa na ƙarshe, a gefe, sai ka miƙa wuya kamar raƙumi kafin ka ga ɓangaren hagu na dandalin. Kusa da ni wata tsohuwa ce. Na riga na lura da ita tun a ɗakin ajiye riguna, inda ta cire takalmin ƙanƙara ta zaro wani baƙin takalmi mai sheƙi daga leda ta saka, ta gyara gashinta a madubi kamar mai zuwa ɗaurin aure. A hannunta akwai wani ɗan ƙaramin madubin hangen nesa da fentinsa ya koɗe. Wasan ranar shi ne Swan Lake, labarin wata gimbiya da maye ya mayar farar tsuntsuwar ruwa mai dogon wuya, wanda a wannan gidan aka fara yin sa a 1877 da kiɗan Tchaikovsky. Da tauraruwar ta fito, ni dai ina ta bin ta da ido kamar kowa. Sai tsohuwar ta taɓa ni da gwiwar hannu, ta miƙo mini madubin, ta ce a hankali, "Ɗana, bar wannan, ita kowa zai yabe ta. Dubi na baya."

Na baya su ne 'yan mata sama da 20 cikin fararen kaya, a jere layi-layi. Daga sama kana ganin abin da na ƙasa ba zai taɓa gani ba: yadda layin ke lanƙwasa ya zama da'ira, da'irar ta tsage gida biyu, ta koma kusurwa, tazarar da ke tsakanin kowace da 'yar'uwarta ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba. Mai zama a ƙasa ƙafafu yake gani birjik, layin gaba ya tare masa na baya. Sannan sai wurin da ya kashe ni. Yayin da tauraruwar ke rawa da yarima a tsakiya, waɗannan 'yan matan tsayawa suke yi cak a gefe biyu, ƙafa ɗaya a harɗe a baya, kai a sunkuye, mintuna masu yawa, bayan sun gama tsalle-tsallen da zai sa ɗan ƙwallo ya nemi ruwa. Da madubin na ga ƙirjin ɗaya daga cikinsu yana hawa da sauka, gumi na gangarowa ta bayan kunnenta, tsokar ƙafarta tana rawa ita kaɗai. Fuskarta kuwa kamar an zana. Ba ta motsa ba.

Sana'ar gaba ɗayanta a kan ɓoye wahala aka gina ta. Takalmin nan da suke tsayawa a kan tsininsa, mutane da yawa sun ɗauka katako ne a ciki. Ƙyalle ne da takarda da gam aka danne hawa-hawa har ya yi tauri, kuma babbar 'yar rawa tana iya kashe sabo fil a dare ɗaya. Kafin su saka sai sun bubbuga shi a bango ko ƙasa don ya rage ƙara, amma duk da haka in gidan ya yi tsit kana jin ƙwas-ƙwas ɗinsa a kan dandali, kuma ni wannan sautin ya fi mini wani kiɗan. A makarantar Vaganova ta St. Petersburg, wadda asalinta ya koma 1738, yaro yana shiga yana ɗan shekara 10, ya yi shekara 8 yana maimaita abu guda a jikin sandar da aka kafa a bango. Bayan duk wannan, yawancinsu a layin baya za su ƙare, ba wanda zai san sunansu in ban da iyayensu.

Akwai wani wuri a wasan da tauraruwar ke juyi sau 32 a kan ƙafa ɗaya, al'adar da ta samo asali daga wata 'yar Italiya, Pierina Legnani, a wasan St. Petersburg na 1895. Za ka ji 'yan kallo suna ƙirgawa a ƙasan maƙoshi, in ta cika gidan ya ɗauki tafi. Abin burgewa ne, ban musa ba. Amma a wurina wannan kusan wasan ƙarfi ne, irin wanda ko ba ka san komai ba za ka tafa. Tsayuwar 'yan baya ta fi shi wuya a ido na, kuma babu mai tafa mata.

Masu cewa bale abin masu kuɗi ne suna da gaskiyarsu. Rawar fada ce tun tushe. A fadojin Italiya ta fara, ta bi Catherine de' Medici zuwa Faransa, sannan Sarki Louis na 14 ya ɗauke ta da gaske. Shi da kansa ya yi rawa a 1653 yana ɗan shekara 14, ya fito a matsayin rana, kuma a 1661 ya kafa mata makaranta. Shi ya sa har gobe, ko a Tokyo ko a Alkahira, da Faransanci malami ke kiran sunan kowane taku. Gidan Garnier na Paris, wanda aka buɗe a 1875, in ka shige shi za ka gane an gina shi ne don manya su ga juna. Matakalar shiga kaɗai ta isa fada. Zauren kuma an lanƙwasa shi kamar kofaton doki, ta yadda na gefe suna ganin na ɗaya gefen fiye da yadda suke ganin dandali, har akwai kujerun da tun wurin saye ake gaya maka ba za ka ga wasan ba. A can na fi ganin masu zuwa don hoto. Wasu ma'aurata a gabana sun ɗauki rufin da Chagall ya zana a 1964 ta kowace kusurwa, suka ɗauki fitila, suka ɗauki kansu, aka tafi hutun rabin lokaci ba su dawo ba. Ban ga laifinsu ba, kuɗinsu ne. Kujerunsu dai na koma.

Amma a wannan Paris ɗin ne, a jajiberin Kirsimeti na 2019, 'yan rawar gidan suka fito ƙofar gida cikin fararen kayan nan, a cikin sanyi, suka yi wani yanki na Swan Lake kyauta ga duk mai wucewa. Yajin aiki suke yi a kan fansho. Suna ajiye aiki ne a shekara 42, tsarin da asalinsa ya koma zamanin wancan sarkin, gwamnati kuma tana so ta taɓa shi. Duk wanda ya ga hoton nan ya san ma'aikata ne, masu gwiwa da ke lalacewa da wuri.

Viyana ce ta fi kowa mutunta mai ƙaramin aljihu a cikin waɗanda na gani. Gidan opera na can, na 1869, yana da ɗaruruwan wuraren tsayuwa, kuɗinsu bai kai na abincin rana a tsakiyar garin ba. Wasu daga cikinsu ma a ƙasa suke, saitin tsakiyar dandali, bayan kujerun da aka biya ninkin-ba-ninkin. A lokacin da na je, in ka samu wurinka sai ka ɗaura ƙyalle ko mayafin wuya a jikin ƙarfen da ake jingina, ka fita ka sha iska. Ba mai taɓa maka. Ni da na saba da ajiye buta ko dutse a layi in dawo in tarar an ture, na daɗe ina mamakin wannan. Ranar ban zo da ƙyalle ba, hulata na rataya, zanna bukar, ta zauna ita kaɗai a tsakiyar mayafan Turawa har na dawo. Mutanen wurin tsayuwar nan su ne malaman gidan. Wani dattijo a gefena yana zuwa sau uku a mako guda don ya ga wasa ɗaya da 'yan rawa daban-daban, kuma tun kafin namijin ya dira daga tsalle ya san ko zai yi tangaɗi.

To, ga maganar da na san tana bakin wasunku. Kayan. E, sun matse, na mazan ma har sun fi ba ni kunya a ranar farko, na rasa inda zan ajiye idona. Ba zan tsaya ina yi wa kowa fatawa ba, ba fagena ba ne, kuma wanda ya ce shi ba zai shiga ba saboda wannan, ina ganin girmansa. Abin da zan iya faɗa shi ne abin da na gani a Alkahira. Gidan opera na can yana tsibirin Jazira a tsakiyar Nilu, Japan ce ta gina musu aka buɗe a 1988, bayan tsohon da Khedive Isma'il ya gina a 1869 ya ƙone a 1971. Ƙungiyar balensu tun zamanin Jamal Abdul Nasir take, malaman Tarayyar Sobiyet suka horar da 'yan farko. Babban zauren yana da dokar kwat da lakataya ga maza, sai da na ara wurin wani ɗalibinmu, hannun rigar bai kai mini wuyan hannu ba. A ciki na tarar da iyalai, uwa da hijabinta, uba, kaka, 'yan yara mata da aka yi wa kitso da ribbon suna leƙen ramin makaɗa. A hutun rabin lokaci wata yarinya da ba ta wuce shekara 6 ba tana ta ƙoƙarin tsayawa a kan yatsu a farfajiya, kakarta na riƙe da hannunta tana cewa a yi a hankali. Misirawa ma suna jayayya a kan abin, an taɓa tayar da maganar a majalisarsu. Amma ba su ɗauke shi kayan baƙi ba, nasu ne, sun fi shekara 50 suna yi.

A Landan abin da ya tsaya mini launin takalmi ne. An yi shi ruwan hoda ne don ya saje da fatar mai shi, ƙafa ta yi kamar ba ta ƙare ba. Baƙar fata kuwa shekara da shekaru sai ta sayi hodar kwalliya ta shafe takalminta da hannu, kowane sabo, kafin ta hau dandali. Sai a 2018 kamfanin Freed na Landan, tare da ƙungiyar Ballet Black, ya fara yin masu launin fatarmu. Shekara biyu bayan haka bidiyon yaron nan na Legas, Anthony Madu, ya zagaya duniya, yana juyi ba takalmi a kan siminti cikin ruwan sama, daga baya ya samu gurbi a makarantar Elmhurst ta Birmingham. Na yi masa murna ƙwarai. Na kuma yi tunanin sauran 'yan ajinsu da kyamara ba ta kama ba.

Havana ce ta rage mini, kuma ita na fi ƙwallafa rai a kai. Alicia Alonso, wadda ta yi yawancin rawarta idonta ba ya gani sosai, ta kafa ƙungiyarta a 1948, bayan juyin juya halin Cuba gwamnati ta ɗauki nauyinta, aka mayar da bale abin kowa. Daga nan Carlos Acosta ya fito, ɗan direban babbar mota, wanda ya zama tauraro a Landan. Ina so in zauna a can sama a wannan gidan in ji yadda suke ihu.

A daren Bolshoi ɗin nan, bayan an tashi, na mayar wa tsohuwar madubinta, ta sake saka takalmin ƙanƙararta, muka rabu a bakin ƙofa. Na tsaya ɗaukar hoton dawakan da ke saman ginin har sanyi ya kore ni, na gangara tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa. A cikin taragon, daura da ni, wata yarinya ce siririya cikin ƙatuwar rigar sanyi, gashinta a ɗaure tam a ƙeya, ragowar farin kwalli a gefen idonta, jaka a cinya kamar ta mai tafiya ƙauye. Ƙafafunta a buɗe suke waje-waje irin na agwagwa. Ta kwance igiyar takalminta na dama, ta zaro ƙafar rabi, ta ɗan yamutsa fuska, sannan ta ciro burodi daga aljihu tana ci. Taragon cike yake da mutanen da suka fito daga wasan, wasu da takardar shirin a hannu suna ta muhawara a kan tauraruwar. Ta sauka tasha biyu kafin tawa, tana ɗingishi kaɗan.